Noita: gem ɗin da kai ke ƙera makaminka, kuma sau da yawa kai zai fara ci

Yawancin gem ɗin da ake cewa akwai sihiri a ciki, in ka duba da kyau bindiga ce kawai aka sauya wa suna. Ka danna maɓalli wuta ta fita, ka danna wani ƙanƙara ta fita, ka hau lebul a ƙara wa wutar girma, shi kenan. Masu gem ɗin sun riga sun gama maka tunani tun a ofishinsu, kai naka danne-danne ne kawai.

Noita ya bi wata hanya daban, kuma shi ya sa nake so mu ɗan zauna a kansa, don na lura duk wanda na nuna wa shi a nan Nima ta Accra ɗayan biyu ne, ko ya kalli hoton ya ce haba wannan ai gem ɗin tsohuwar Nokia ne, ko ya ɗan taɓa ya mutu tun a hawa na farko ya ture laftof ya ce gem ɗin mugunta ne. Dukkansu ba su kai inda wasan yake ba. Wasan yana cikin yadda kake jera abubuwa a cikin sandar sihirinka, sannan in ka gama jerawa ka harba, duniyar da ka harba a cikinta ba ruwanta da cewa kai ne mai gem, abin da zai ƙona maƙiyi kai ma zai ƙona ka.

Wani ɗan ƙaramin kamfani ne ya yi shi a Helsinki ta ƙasar Finland, sunansa Nolla Games, mutum uku ne: Petri Purho, Olli Harjola da Arvi Teikari. Kowannensu yana da nasa gem da aka san shi da shi, Purho shi ya yi Crayon Physics Deluxe, Harjola ya yi The Swapper, Teikari kuma Baba Is You, kuma duka ukun gem ne na wasa ƙwaƙwalwa, ba na faɗa ba. Ka riƙe wannan don zai yi maka bayanin abubuwa da yawa a gaba. Sun fara sakin Noita a Steam, shagon sayar da gem na intanet, a Satumban 2019 tun bai gama dahuwa ba, jama'a na bugawa suna gyarawa, cikakken ya fito a Oktoban 2020.

Labarin ba shi da tsawo. Kai wani ɗan mai sihiri ne cikin doguwar riga shunayya, ka tsinci kanka a bakin kogo da sanda biyu, ɗaya ta harbi ɗaya galibi ta bam, da kwalba guda yawanci ta ruwa, da lafiya 100 wadda ba ta dawowa da kanta. Ƙasa za ka yi ta gangarawa, ramin ma'adinai, ramin kwal, yankin ƙanƙara, sansanin wasu halittu masu bindigogi da ake kira Hiisi, kurmi, haka haka har ka kai ga babban dodon ƙarshe. In ka mutu babu wani a dawo da kai inda ka tsaya, daga bakin kogo za ka sake farawa hannu wofi, kuma hanyoyin ciki sun sauya fasali. Tsakanin kowane hawa da na gaba akwai wurin hutu da suke kira Holy Mountain, nan ake cika maka lafiya, ka zaɓi baiwa ɗaya cikin uku, ka sayi kaya da zinaren da ka tsinto, kuma a ƙa'ida nan ne kaɗai aka yarda ka buɗe sandarka ka sauya abin da ke ciki.

Kafin mu shiga sandar dole a fahimci ƙasar da ake tsaye a kai, in ba haka ba sauran bayanin zai tafi a banza. A Noita kowane ɗigon hoto da kake gani a sikirin abu ne mai halinsa. Ɗigon yashi yana duba ƙasansa, in babu komai ya faɗa, in akwai ya gwada gangarawa gefe. Ɗigon ruwa haka yake amma shi yana iya malala hagu da dama. Hayaƙi da tururi su kuma sama suke nema. Dokoki ne 'yan ƙanana, amma da aka ɗora su kan dubban ɗigogi lokaci ɗaya sai ka ga tafki yana tsiyaya ta ramin da ka fasa, mai yana tasowa saman ruwa, wuta tana bin katako tana cin kwal har ta ƙone rabin hawa. Ruwa in ya haɗu da narkakken dutse ya zama dutse. Ruwa yana wanke koren dafin nan da ke cin lafiya. Lantarki yana bin ruwa da ƙarfe. Kuma duk abin da ka shiga yana manne maka a riga, in mai ne ka zama ashana mai tafiya, in ruwa ne wuta ba ta saurin kama ka. Ba wanda ya zauna ya rubuta cewa a wuri kaza gada za ta ƙone, gadar katako ce kawai, kai kuma ka zo da wuta.

To yanzu sandar. Ita kanta sanda ba ta da wani sihiri, mazubi ce mai gurabe, wata guraben uku wata goma wata ashirin da wani abu, kuma tana da lambobinta: yawan cajin da take riƙewa, saurin da cajin ke dawowa, jinkirin da take yi tsakanin harbi da harbi, da hutun da take ɗauka in ta gama zagaye ɗaya kafin ta sake farawa. Sihirin kuwa katuna ne da kake tsinta ko ka saya ko ka kwashe daga wata sandar, ka zuba a guraben. Da ka danna harbi sai sanda ta fara karanta katunan daga hagu zuwa dama. Duk gem ɗin a kan wannan jimlar ya tsaya.

Akwai wani layi a jikin kowace sanda da aka rubuta Shuffle, a gabansa e ko a'a, kuma shi ne abu na farko da ya kamata idonka ya je kai tun kafin ka kalli sauran. In a'a ne, sanda tana bin tsari kamar layin shiga trotro, motar haya, a tashar Circle lokacin da kowa ya natsu, na gaba ya shiga sannan na bayansa. In e ne, to layin nan ne bayan an fara ruwan sama, kowa ya danno ƙofa, ba ka san wa zai fara shiga ba. Sanda mai cakuɗawa ba ta ginuwa, iyakarta ka cika ta da abu iri ɗaya ka yi ta fesawa. Shi ya sa za ka ga wanda ya iya gem ɗin ya yar da wata ƙatuwar sanda mai ƙyalli ya ɗauki 'yar ƙarama mai gurabe shida, sabon shiga ya yi ta mamaki.

Katunan su ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu fita, wato abin da zai bar bakin sanda ya tafi, kamar Spark Bolt, ɗan tartsatsin da yawanci ake farawa da shi, ba ƙarfi amma ba ya cin caji. Akwai masu gyara, su ba sa fita da kansu, suna hawa kan mai fitan da ke bayansu ne su sauya masa hali, wani ya ƙara masa zafi, wani ya sa ya riƙa bin maƙiyi duk inda ya yi, wani ya sa ya riƙa tsalle in ya bugi bango, wani ya sa ya bar wuta a inda ya wuce. Sai masu ɗauko da yawa, irin Double Spell, shi aikinsa ya jawo kati biyu na gaba ya harba su tare. Ka ga ke nan in ka sa mai bin maƙiyi, sai Double Spell, sai tartsatsi biyu, harbi ɗaya zai fitar da tartsatsi biyu kuma duka biyun za su bi maƙiyi, don mai gyara yana shafar duk abin da aka harba a tashi ɗaya. In ka ɗauki katunan nan huɗu ka sauya musu wuri, wata sanda ka samu daban, kuɗin kaya ɗaya aiki ba ɗaya ba.

Inda abin ya fara daɗi shi ne katunan da ke ɗauke da saƙo. Akwai Spark Bolt mai Trigger, shi tartsatsi ne kamar kowane, amma yana ɗaukar katin da ke bayansa ya riƙe, sai ya bugi wani abu sannan ya sake shi a can. Yanzu ka ɗauki Chainsaw, wani kati mai yanka da kyau amma ba ya nisa, a bakin sanda yake ƙarewa, in za ka yi amfani da shi a yadda yake sai ka je ka manne wa maƙiyi. Sa shi a bayan mai Trigger, tartsatsi ya kai shi har jikin maƙiyin ya sauke. Ƙara Double Spell a tsakani ka sa Chainsaw biyu, yanzu harbin da a da ko sauro ba ya kashewa ya zama abin tsoro, kuma gurabe huɗu kawai ka ci. Sannan ana iya sa mai Trigger a cikin mai Trigger, saƙo a cikin saƙo, na farko ya kai bango ya saki na biyu, na biyu ya shiga lungu ya saki bam, kai kana can nesa kana kallo. Wani sirrin da gem ɗin ba zai taɓa faɗa maka ba, jinkirin katin da ke cikin saƙo ba ya hawa kan sandar, don haka manyan katuna masu nauyin tashi a cikin saƙo ake ɓoye su.

Chainsaw ɗin nan ma yana da aiki na biyu wanda ya fi yankan. In aka harba shi yana goge jinkirin da katunan da suka gabace shi suka tara, ya kuma rage hutun ƙarshe. Wato in ka sa shi a ƙarshen tashi ɗaya, sandar da take harbi tana numfashi sai ta koma ba tsayawa. Murna za ka yi na ɗan lokaci, sai ka ga caji ya ƙare ƙaf tana tari a hannunka, to sai ka shiga neman katin Add Mana mai mayar da caji duk sanda aka karanta shi. Ka warware wannan, sai gurabe su yi maka kaɗan. Kullum akwai abin da ka saya da wani abu. Akwai kuma zagayowa: in layi ya ƙare alhali katin ƙarshe yana neman wanda zai ɗauko, sanda ba ta haƙura, komawa farkon layi take ta ɗauko daga can, kuma waɗanda suka ƙware da gangan suke barin mai gyara a gurbin ƙarshe don su matse harbi biyu a zagaye ɗaya. Duk ɗan makarantar da ya taɓa rubuta 'yar manhaja a kwamfuta zai gane abin nan da wuri, umarni ne ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kuskuren wuri ɗaya yana sauya sakamako gaba ɗaya.

Sai dai kuskure a nan ba jan rubutu yake fitowa ba, gawa yake fitarwa. Bam ɗin da ka sa a cikin saƙo bai san nesa da kusa ba, in wani ɗan ɗigon ƙasa ya tsaya a gaban hancinka ba ka gani ba, a nan tartsatsi zai buga, a nan zai sauke kaya. Mai tsalle a bango yana iya dawowa. Akwai mai gyara da ke sa harbi ya huda maƙiyi ya wuce, ƙarfi ne sosai, amma yana sa harbin ya iya cin mai shi. In ka yar da tsohuwar sanda a hanya wasu maƙiyan suna da hannu, za su ɗauka su harbe ka da abin da kai ka haɗa.

Wani ƙanena da ke ganin ya gama da duk wani gem a Mamobi ya karɓi laftof ɗina ran wata Asabar. Ya yi sa'a ya samu sanda marar cakuɗawa tun da wuri, ya sa mata katin da ke ƙara lantarki a harbi, yana ta kashe abubuwa yana kaɗa kai. Can ya harbo wata fitila da ke rataye, mai ya zubo masa da wuta, riga ta kama. Nan ya yi abin da ya dace, ya faɗa cikin wani ɗan tafki, wuta ta mutu. Wani abu ya biyo shi cikin ruwan, shi kuma hannunsa na kan maus, ya harba. Ruwan duka ya ɗauki lantarki, ɗan mai rigar ya sandare yana karkarwa, lafiya na zuba, kafin ya ce me sikirin ya yi duhu an rubuta masa abin da ya kashe shi. Ya juyo ya ce, "Yaya wallahi ba ni na yi ba." Na ce to wa ya sa katin? Ya yi shiru, ya danna sabon wasa. Abin da ya burge ni, kowane mataki a cikin mutuwar nan yana da dalili da za ka iya nunawa da yatsa, mai, wuta, ruwa, lantarki, ba inda gem ɗin ya yi maguɗi.

Ba Noita ne ya fara barin mutum ya haɗa sihirinsa ba, kuma in ka san na baya za ka fi ganin abin da ya ƙara. Morrowind na kamfanin Bethesda, 2002, yana da wannan. Ka je wurin mai haɗawa ka biya shi, ka zaɓi abin da kake so cikin waɗanda ka riga ka sani, ka ce ƙarfinsa kaza, daɗewarsa daƙiƙa kaza, faɗinsa kaza, a jikina ne ko sai na taɓa ko daga nesa, har suna kake raɗa masa. Oblivion na 2006 ya ci gaba da shi, Skyrim na 2011 ya cire, har yau akwai masu jin haushin wannan. Ni kam ban cika kuka da su ba. Haɗin Morrowind ciniki ne na lambobi, wuta 20 ko wuta 50, duk wuta ce, ba ta ƙona gida ba ta tafasa ruwa. Daɗinsa yana wurin waɗanda suka gano ramukan tsarin, kamar masu shan maganin ƙara basira su haɗa wani maganin da ya fi shi ƙarfi su sake sha, har su zama abin da ba a iya taɓawa.

Magicka kuma, wanda Arrowhead na Sweden suka fitar a Janairun 2011, mutanen da daga baya suka yi Helldivers, ya ɗauko abin ta wani gefen. Sinadari takwas ne a kan maɓallai takwas: ruwa, rai, garkuwa, sanyi, lantarki, ƙasa, wuta da wani da suke kira arcane. Kana iya tara har biyar kafin ka sake, ruwa da wuta su ba ka tururi, ruwa da sanyi ƙanƙara, kishiyoyi kamar wuta da sanyi su kashe juna. A tsakiyar faɗa kake haɗawa, da yatsu, cikin daƙiƙa ɗaya. In jikinka a jiƙe yake ka kira lantarki kai zai fara ci, kuma mutum huɗu na iya bugawa tare, harbin kowa yana cin ɗan uwansa. Matsalarsa, da zarar ka haddace haɗi biyu ko uku masu ƙarfi yatsunka sun daina tunani, su za ka yi ta maimaitawa har ƙarshe. Noita ya toshe wannan ƙofar da cewa ba kai ke zaɓar katunan da za ka samu ba. Ilimin yana kanka, kayan aikin kuwa sai abin da kogo ya ba ka yau, dole ka yi gini da abin da ke ƙasa. Akwai wasu ma, Tyranny na Obsidian a 2016 da Mages of Mystralia a 2017, kowanne da tsarinsa mai kyau, amma a cikinsu da wuya abin da ka haɗa ya juyo kanka, shi ya sa ba ka jin gabanka na faɗuwa lokacin gwaji.

Kar a ce ina ta yabo. Gem ɗin yana da laifi, kuma babba. Ba ya koyarwa. Abin da yake nuna maka a farko bai wuce ga yadda ake tafiya ga yadda ake harbi ba. Duk bayanin da na yi a sama na zagayowa da jinkirin saƙo da aikin Chainsaw, ba ko ɗaya da aka rubuta maka a fili a ciki, sai dai ka gano da kanka bayan mutuwa ba adadi, ko ka tafi YouTube da shafukan masoya gem ɗin, wanda ke nufin data da Turanci mai ɗan nauyi. Masu kare shi suna cewa ai ganowar ita ce daɗin. Na yarda da rabi. Gano cewa ruwa na wanke dafi da kanka daɗi ne. Amma ɓoye dokar da sanda ke bi wajen karatu, a gem ɗin da gaba ɗayansa haɗa sanda ne, wannan rowa ce. Ga shi wurin gwajin ma a ƙuntace, sai a Holy Mountain, sai fa in ka dace da baiwar da ke ba ka damar gyara sanda a ko'ina, wadda kusan duk wanda ya gan ta ba ya wuce ta. Da yawa sai sun sauke wani ƙari da 'yan wasa suka yi, Spell Lab, inda ake ba ka duk katuna ka yi ta gwaji ba mutuwa, sannan kansu ke wayewa. Abin da ya kamata a ce masu gem ɗin ne suka sa shi tun farko.

Sannan ba kowace mutuwa ce mai dalili kamar ta ƙanena ba. Akwai wani ruwa mai launin hoda, ɗigo kaɗan ya taɓa ka ka rikiɗe ka zama tunkiya, duk lafiyar da ka tara da duk baiwar da ka zaɓa ba sa aiki a jikin tunkiya, harbi ɗaya an gama da kai. Mutum ya yi awanni yana lallaɓa wasa, wata kwalba ta fashe a saman sikirin inda ido bai kai ba, ta tsiyayo masa a ka. Akwai masu harbi daga cikin duhu tun kafin ka gan su. Akwai kuma ranar da kogo zai hana ka komai, hawa uku ba sanda ta kirki ba katin kirki, ka isa sansanin Hiisi da tartsatsin farko, su kuwa ba sa wasa. Wanda ya ƙware yana rage irin wannan da haƙuri da duba kowane lungu kafin ya sauka, amma ragewa ce, ba kawarwa ba.

Abin da na fi ba su maki a kai shi ne ba su ji tsoron a karya musu gem ba. Kamfanoni da yawa in suka ga 'yan wasa sun gano haɗin da ya yi ƙarfi da yawa sai su rage shi. A nan an bar ƙofa a buɗe, in ka iya haɗa sandar da za ta narkar da dodon ƙarshe cikin ƙiftawar ido, ko wadda za ta huda dutse ka yi ta tafiya, halalinka. Kuma sai ka samu irin wannan sandar ne za ka gane hanyar da ka sha wuya a kanta 'yar tsakiya ce kawai. In ka ƙi shiga kogon ka haura dutse, akwai hamada da dala ta gabas, akwai ƙasar ƙanƙara ta yamma, akwai sama, akwai abubuwan da aka binne da ba a ambata ko sau ɗaya ba, har da wasu rubuce-rubuce masu siffar idanu da jama'a suka shafe shekaru suna ƙoƙarin warwarewa.

Na san akwai mai karantawa da tun daga kalmar sihiri ya ɗaure fuska, kuma a zango ba abin mamaki ba ne, in Hajiya ta leƙo ta ga mai doguwar riga da sanda a sikirin sai an yi bayani. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ke ciki: ba abin da kake karantawa da baki, ba sunan da kake kira, gumaka ne na hoto kake ja da maus kana jerawa. Amma kuma akwai zancen wasu alloli na tatsuniya da ke fushi in ka fasa bangon wurin hutu su turo maka mai gadi, akwai giya a matsayin ɗaya daga cikin ruwayen gem ɗin, kuma wasu halittun daga tatsuniyoyin mutanen Finland aka ɗauko sunayensu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, gem bai ƙare a duniya ba.

Saura batun ko ya dace da mu a nan. A gem senta dai a'a. Can ana biyan kuɗi ne a buga ƙwallo ko Mortal Kombat, mutum biyu a zaune goma a tsaye suna ihu, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin dannawa. Noita na mutum ɗaya ne, a kwamfuta mai Windows yake, ba ya kan PlayStation, kuma rabin lokacinka a tsaye za ka yi shi kana kallon gurabe kana lissafi, ba mai biyan kuɗin awa don wannan, ba kuma mai tsayawa kallo. Mai senta da ke son irin wannan ya nemi Magicka 2 na 2015, yana kan PS4, mutum huɗu, kuma rigimar wa ya kashe wa kaɗai ta isa ta cika shago.

Wanda ke da laftof a ɗaki kuwa, kuɗinsa a Steam kusan dala 20 ne, yana sauka sosai lokacin rangwamen ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba, sai dai ka tanadi katin banki mai aiki a intanet. Bai kai giga 2 ba, kuma in ya sauka ba ya buƙatar data. Kar hoton ya ruɗe ka ka ce kowace tsohuwar kwamfuta za ta ɗauka, lissafin ɗigogin nan a kan furosesa yake, ba a kan katin hoto ba, kuma ranar da ka haɗa sandar da ke fesa ɗaruruwan harbi a cikin tafkin mai, za ka ji fanka tana kuka, wasan ya fara tafiyar hawainiya. Don haka in za ka Tiptoe Lane, inda ake sayar da wayoyi da kwamfutoci, neman laftof hom-yus, wato na hannu, saboda shi, bar mai shago ya yi ta nuna maka sitikar katin hoto, kai tambayi furosesa wace ce, ram ta kai giga 8 ko ba ta kai ba, sannan ka sa ya cire caja a gabanka ka ga minti nawa batirin zai riƙe in an ɗauke wuta.